Ranar da Na Kwance wa Surukina Rawani

Ba zan taɓa mantawa da bikin ɗan Alhaji Garba a Kebbe ba, ko da kuwa na so in manta. Lokacin kuɗin mai ne, ina koyarwa a wata firamare a Tambuwal, Alhaji Garba kuma ɗan kwangila ne da ya dawo daga aikin hajji da wani ɗan akwati da ake haɗawa da talabijin. A gilashin talabijin sai ka ga sanda biyu farare, ɗigo ɗaya yana yawo tsakaninsu, kowa da abin murɗawa a hannu yana tare ɗigon, wanda ɗigon ya wuce shi an ci shi ɗaya. Shi ke nan wasan. Amma mu samarin wancan zamani mun ɗauke shi kamar dambe.

Ni ne gwani, ba yabon kai ba (to, yabon kai ne). Dabarata biyu ce. Ba na ɗauke ido daga gilashin ko gini zai faɗo, kuma ba na rufe baki. Na gano cewa in ka zuba wa mutum gori, zuciyarsa ta ɓaci, hannunsa ya riga hankalinsa. Muna kuma da doka: wanda ya ci sai ya cire hular wanda aka ci, ya ɗora ta kan talabijin.

A lokacin ina neman auren Hajo, 'yar Malam Umaru na Fakku, wani dattijo mai fataucin shanu. An kai gaisuwa, ba a sa rana ba, domin tsohon yana bincike a kaina. Duk abin da ya sani shi ne malamin makaranta mai kunya, wanda in ya hango shi sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa tun daga nesa.

Ranar bikin, bayan la'asar, aka tayar da janareta, aka tura ƙyauren zaure don hoton ya fito sosai. Na tara huluna shida. Ina cikin casa abokina Bello, sai na ji an ɗan motsa a gefena, zauren ya yi tsit. Na ɗauka kwarjinina ne ya kama mutane. Ashe Bello ne ya tashi ya ba babba wuri.

Hannun abokin karawata ya ƙara lalacewa, bakina kuwa ya ƙara buɗewa.

"Wanga hannu na tuwo na! Tashi ka koma gida ka taya mata daka!"

Wani ya yi tari. Wani ya taka mini ƙafa. Na ce, "Ku bar ni da shi! Wanda yah haife ka bai koya maka komi ba."

Na ci sha biyar da biyu. Ido na kan gilashi, na miƙa hannu na cafko hula. Sai na ji hular tana biyo ni, tana ƙara tsawo. Na ja, ta ƙara zuwa. Na waiga.

Innalillahi! Malam Umaru ne zaune, rabin rawaninsa a hannuna, rabi a wuyansa, kansa a buɗe gaban jama'a. Ya zo ɗaurin aure ne, ya ji hayaniya ya leƙo. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na so in durƙusa, na tarar a zaune nake. Na so in saki rawanin, yatsuna suka ƙi. A raina na ce, Hajo sai wata rayuwar.

Tsohon ya warware sauran da kansa, ya ninke, ya ɗora kan talabijin.

"Doka doka ta," ya ce. "Malam, mu sake. Ka ci gaba da maganar da kaka yi, ina saurare."

Ina fa magana! In ci shi rashin kunya ne, in bar shi ya ci raini ne, kafin in zaɓi ɗaya ɗigon ya wuce ni sau biyar. Mutumin da bai taɓa ganin wasan ba sai ranar ya yi mini sha biyar da babu, ya sa hannu a hankali ya cire hulata, ya jefa aljihu.

"Wadda kaka nema tana Fakku, hularka ma can za ka ishe ta."

Kwana tara ban iya cin abincin kirki ba. Daga baya na lallashi baffannina muka tafi ba da haƙuri. Malam Umaru ya bar ni durƙushe har ƙafafuna suka mutu, sannan ya ce gara da ya ga bakin nawa tun yanzu, ya san abin da zai gargaɗi ɗiyarsa a kai. Aka sa rana. Hular kuwa bai mayar ba. Ya rataye ta a zaurensa, duk baƙon da ya tambaya sai ya ba shi labarin tun daga farko, ni kuma ina gefe ina zuba musu ruwan sha.

Darasin da na koya bai da tsawo: kafin ka zagi uban mutum, waiga ka ga ko mutumin nan kai ma uba ne gare ka.