Ranar da Na Buɗe Baki a Makarantar Fanna

Ranar Talatar da ta wuce, jama'a, na sha kunya a gaban yara arba'in da uku, babu wanda ya kai shekara shida a cikinsu. Kuma ba wanda ya ja ni, da ƙafata na je, har da babbar riga.

Jikata Fanna, 'yar shekara biyar, ta yi kwana huɗu tana tauna tuwo da gefe guda kamar akuya. Kumatunta na hagu ya tasa. Na sa mata kanumfari, na ba ta ruwan gishiri, na tofa abin da na sani. In na ce, "Buɗe in gani," sai ta datse baki kamar gidan mai ya ji ƙishin-ƙishin ƙarin farashi. Asibiti kuwa, tun ranar da aka shiga da kakarta, Ya Gumsu, ba a dawo mana da ita ba, ko titin wurin Fanna ba ta yarda mu bi. Iyayenta hanyar Bama ta cinye su tun ba ta yi wayo ba. Daga ni sai ita a gidan, sai littattafai da ba su iya dafa komai ba.

Ana haka sai ga takarda daga makarantar rainonsu da ke Umarari: wai Kwamitin Farin Haƙori na Masu Girma zai kawo ziyara, har da likita. Na ce to, tun da ba za ta je wurin likita ba, ga likita zai zo har tabarmarta.

Maƙwabcina Ba'ana mai shayi ya tare ni da gaisuwa a bakin layi.

"Wushe, Malam Mikail! Wannan ado da sassafe, ko an samo mana amarya ne?"

"Masu Girma za su duba haƙoran yara."

"Ai kuwa an samu gwanaye," in ji shi. "Mutanen da suka tauna titin unguwar nan sukutum har da kwalbatinsa, ko ruwa ba su kora ba, wa zai fi su sanin haƙori?"

Wanda bai taɓa wuni a makarantar raino ba, ya gwada, zai ga yadda ake tafiyar da ƙasa in da hankali. A ƙofa maigadi yana shafa sandarsa mai ƙara a jikin kowace jaka, ko da ba komai ciki sai ƙosai biyu. A ciki Malama Salomi, wadda ita ma gudun hijira ya kawo ta daga kudancin jihar, tana jera su tana duba farce da kunne. Su yi waƙar ƙirga. Su yi zane, rabinsu su zana Keke Napep, rabi jirgi mai saukar ungulu. Akwai wani wasa da ta ƙirƙiro, sunansa ƙadangare: in ta buga murfin tukunya, kowa ya kwanta rub-da-ciki, ba motsi. Yara suna ƙyalƙyala dariya. Mu manya da muka san don ranar da bam zai tashi ake wasan, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. In an raba biskit, kowa ɗaya, har ɗan mai makarantar. Ban taɓa ganin rabo irin wannan a wajen katangar ba.

An ce ƙarfe tara. Sha biyu saura muka ji jiniya. Mota goma sha ɗaya ta rako kwali huɗu, a garin da na bar tsohuwar motata a layin mai tun ranar Asabar, har tantabaru sun fara shawarar gida a kanta. Mai Girma Shugaban Kwamiti, Allah ya ƙara masa faɗin inuwa, ya yi jawabin minti arba'in a kan makomar murmushin al'umma. Yara uku suka yi barci, ɗaya ya jiƙa tabarma, wanda a ganina shi ne sharhi mafi gaskiya da aka yi a wurin.

Sai rabo. Kowane yaro buroshi sabo a cikin ledarsa. Wani mai jar hula, ɗan koren Mai Girma, yana bin layi yana cewa, "Kar a buɗe, a ɗaga sama, a kalli mai hoto."

Ashe Malama Salomi ta san karatun. Bara an kawo musu jakunkuna, aka ɗaga sama, aka kalli mai hoto, aka tattara aka wuce da su wata makaranta a Dala. Don haka mai hoto na ɗaga na'urarsa, sai ta tafa hannu ta tayar da waƙar goge baki da suka yi mako suna koyo. Kafin ka ce kwabo, leda arba'in da uku ta yage, buroshi arba'in da uku ya shige baki.

"Malama! Malama!" in ji mai jar hula. "Na nuni ne! Akwai makaranta shida a gabanmu!"

"Ayya, Yallaɓai, a yi haƙuri, ka san yara. A karɓo muku?"

Wani ɗan gajere ya zare nasa ya miƙa masa, yawu na ɗiga. Mai jar hula ya ja da baya kamar an nuna masa takardar bincike.

Na yi dariya, hannuna a kan baki kamar yadda na saba. A raina har na gama rubuta wannan shafi nawa na jarida, na jera wa Masu Girma baƙaƙen maganganu. Na manta laifi tudu ne.

Likitan, wani matashi mai suna Dzarma, can ƙarƙashin dogonyaro aka ajiye shi da kujera ɗaya da tocila. A motarsu ya zo, kuma ran Masu Girma ya ɓaci, har direbobi sun tayar da injin. Ya ce mini minti goma gare shi. Na jawo Fanna.

"'Yar Baba, buɗe in gaisa da haƙoranki," in ji likita.

Ta girgiza kai.

"Fanna, don Allah," na ce. "In ya tafi shi ke nan."

Ta dube ni sama da ƙasa, irin kallon kakarta sak. Ta ce ta cikin haƙora, "Tsoho, sai ka buɗe naka."

To, masu karatu, ga abin da ba ku sani ba. Hotona da kuke gani a saman shafin nan, baki a tsuke, kuna cewa kwarjini ne. Ba kwarjini ba ne. Shekara arba'in na goro da shayi mai sukari cokali huɗu sun bar mini haƙori goma sha ɗaya, kowanne yana gaba da ɗan'uwansa, ba mai kallon alƙibla ɗaya da wani. Ya Gumsu kaɗai ta san cikin bakin nan, ta kuma tafi da sirrin.

Aka danna hon. Likita ya dubi agogo. Yara suka kewaye mu, kowa da buroshi a hannu.

Na cire hula, ban san dalili ba, na wangale.

Sai ɗan gajeren nan ya ce da ƙarfi, "Malama, bam ya tashi a bakin Kakan Fanna!"

Har Mai Girma ya sauke gilashin mota. Ya ce wa mai hoto, "Ɗauki wannan, zai yi amfani wajen wayar da kai." Shekara goma sha ɗaya ina neman ya lura da ni.

Fanna ta yi dariya har ta riƙe kumatu, sannan ta buɗe. Likita ya haska. Ya ce kogo ne a turmin hagu, bai kai jijiya ba tukuna, in an kawo ta ranar Alhamis za a cike, in an ƙara mako biyu sai cirewa. Sai ya tambaye ta a hankali, "Wa ke ba ki alewa?"

"Kaka. Biyu da safe in ban yi kuka a ƙofa ba. Ɗaya in an yi ƙara."

In an yi ƙara. A garin nan. Ku yi lissafin da kanku.

"Baba," in ji likita, "wa ke goge mata baki?"

Na nemi wani Mai Girma da zan ɗora wa, duk sun shige mota. Ya Gumsu ce ke yi. Bayan sallar asuba ta ɗora ta a cinya, ta tauna asuwaki har ya yi laushi, ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya tana kiran kowanne da sunan wata 'yar'uwarta. Da ta rasu na ce ai haƙoran nono ne, zubewa za su yi. Na karanta yadda dauloli suka kafu suka rushe, ban san haƙorin nono wuri yake riƙe wa na bayansa ba. Yaro sa'an ɗan cikina ne ya koya mini a tsaye: safe da dare, man goge baki kamar ƙwayar wake, kuma babba ne zai riƙe buroshin har hannun yaro ya ƙware. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa da hannuna na tsaga, alewa bayan alewa, don ba na iya jin kukanta.

Ranar Alhamis ta yarda ta shiga asibiti, bisa sharaɗin ni zan fara hawa kujerar. Na hau. Likita Dzarma bai ga dalilin da zai sa in sauka haka nan ba. Yanzu saura goma. Nata an cike, jiya ta ci masara da gefen hagu tana kallona.

Ƙofar makaranta babu alewa kuwa, kwana uku tana kuka, ni ina tsaye kamar an dasa ni, sai Malama Salomi ta ce, "Baba, ka tafi gida, kai kake sa ta." Da safe yanzu a cinyata take zama. Sunayen 'yan'uwan Ya Gumsu ban riƙe su duka ba, ita ke gyara mini.

Ba'ana ya ce ya ga bakina a wani allo kusa da kasuwa, an rubuta gargaɗi a ƙasa, Mai Girma na murmushi a sama. Ban je na duba ba. Shekara goma sha ɗaya ina buɗe bakin nan a kan Masu Girma, ko rami ɗaya ba a cike ba. Ranar da na buɗe shi ban ce uffan ba, an cike guda. Ba shawara nake ba kowa ba, ni wa? Amma in Kwamiti zai sake jawabi, akwai kujera a ƙarƙashin dogonyaro.