Maki Ya Cika, Ido Ya Tafi

Jama'a, waɗanda suka zo cin taliyar safe yau suka tarar da shagona a garƙame, ku yi haƙuri, Tie mai taliya bai mutu ba. Babban birnin lardi muka tafi ni da ɗana Haiming, awon idonsa na ƙarshe. Motar farko ta bar mu, don an toshe titin tasha: wani Babba zai zo duba bishiyoyin da aka dasa shekaranjiya saboda zuwansa. Da muka isa asibiti aka ba mu lamba ɗari biyu da sha huɗu. Awa huɗu muna tsaye a baranda, ga benci guda ɗaya tal, shi ma an ɗaura masa jan ƙyalle, wai na manyan baƙi ne. Ban ga baƙon ba har muka fito, amma dai bencin ya huta sosai.

Bari in koma baya, don wanda bai san zancen ba. Duk shekara kamfanin jiragen sama yakan shigo sakandare ya tsinci yara 'yan ajin ƙarshe. Wanda aka ɗauka, kamfani ne zai ɗauki nauyin karatunsa na tuƙin jirgi, ga aiki yana jiransa. Ga ɗan mai taliya, wannan ce kaɗai ƙofar, don ko na sayar da shagon da tukwanen da ni kaina ba zan iya kai shi ba. Sharaɗi biyu ne: ido garau, da maki mai kyau a babbar jarrabawar watan Yuni.

To, ajinsu Haiming su hamsin da takwas ne, hamsin da uku na sanye da tabarau. Yana cikin biyar ɗin da suka tsira, kuma ba sa'a ba ce, aikin uwarsa Suying ne. Tun yana ɗan shekara bakwai da ya fara kwanciya a saman rufi yana ƙirga jirage, ta ɗaura ɗamarar tsaron idon nan. Babu waya, babu talabijin. Karas da hantar rago kuwa ya ci har ya fara gudun kicin. Kullum da yamma sai ta kora shi sama ya zuba wa dutsen bayan gari ido na minti ashirin. Ni ma da na yi dariya sau ɗaya, kwana uku ina shan shayi ba sukari.

A watan Oktoba aka yi awon farko. Babu inda ba a leƙa ba. An nemi tabo a jikinsa, an ƙirga haƙora, an ɗora shi a kujera an yi ta juya shi kamar ana kaɗa ƙwai, har hammatarsa wani likita ya sunsuna. Cikin yara ɗari huɗu na gundumarmu shida suka haye, da nawa a ciki. Maƙwabcina Tsoho Na mai gyaran keke ya leƙo shago ya ce, "Kai Tie, uban matuƙi! Daga yau sai a ƙara mana nama a kwano, ko?"

Na ce, "Ka fara cinye wanda ke gabanka, makwaɗaici."

Saura maki. Nan Mai Girma Shugaban Makaranta, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya kira ni ofis, ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce ɗana abin alfaharin makaranta ne. Aka mayar da shi aji na musamman. Da ya rage kwana ɗari a yi jarrabawa aka tara su a fili, kowa ya ɗaga ƙulli ya yi rantsuwar karatu ba hutu. Daga shida na safe sai goma na dare, takarda kan takarda, rubutun nan ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Ajin a ƙasan bene yake, rana ba ta san hanyarsa ba. Fitilu takwas ne, uku sun mutu, biyu suna ƙyafta ido kamar masu jin barci.

Wata Lahadi cikin Fabrairu na ga Haiming yana matse ido don ya karanta allon abincin shagonmu. Gabana ya faɗi. Washegari na cire rigar aikina mai garin fulawa na tafi wajen Mai Girma Mataimakin Shugaban Makaranta.

"Ranka ya daɗe, maganar ƙwan fitila ce."

"Madalla da iyaye masu kishi," in ji shi. "An riga an kafa kwamiti."

Kwamitin kuwa ya yi aiki, kada in ci haƙƙinsa. Bayan mako uku aka rataya ƙaton ƙyalle a bango mai cewa mu kare idanun manyan gobe. Sannan aka soke minti biyar ɗin da aka saba ba yara kullum su murza ido ana kiɗa don ya huta, don a samu lokacin ƙarin gwaji. A watan nan dai aka sayo gangar jikin wani tsohon jirgi aka kafa a kan ginshiƙi a bakin makaranta, aka haska ta da fitilu goma sha biyu. Jirgin da ba shi da inji ya fi 'ya'yanmu ganin haske.

Sai na sayi ƙwan fitila biyar da kaina, na ari tsanin Tsoho Na. Mai gadi ya tare ni a ƙofa.

"Kawu, ina zuwa da tsani?"

"Aji na musamman. Minti goma kawai."

"Kana da hatimin ofishin kaya?"

"A'a."

"Na tsaro fa? Na gine-gine?"

Na samo biyu cikin kwana tara. Mai hatimi na uku ya tafi taron ƙara wa juna sani kan saurin aiki, bai dawo ba sai bayan jarrabawa.

Na koma na roƙi a matsar da yaron kusa da taga. Aka ce kujera da maki ake rabawa, shi kuma na sha tara ne. Na ce to a riƙa sakinsa da wuri. Mai Girma Mataimaki ya cire tabarau ya dube ni. "Malam Tie, ido kake so ko maki?"

"Ranka ya daɗe, kamfani duka biyun ya ce."

"Mu maki ne aikinmu. Ido na asibiti ne."

Gaskiya ɗaya zan faɗa muku, kuma tana ci min rai. Da na so, da na janye shi daga ajin nan. Suying ta ce in janye shi. Ni ne na ji tsoron makin, na ce ya daure, saura kwana sittin.

Sakamako ya fito, ya zarce abin da ake nema da maki arba'in da ɗaya. Aka rubuta sunansa da ruwan zinare a jan allo.

Shi ne yau aka kira lambarmu. Na tsaya ina leƙe ta gilashin ƙofa. Allon nasu zobba ne, kowanne da 'yar kafa, likita ta nuna da sanda, kai kuma ka faɗi inda kafar ta fuskanta. Idon dama ya wuce sumul. Aka rufe shi aka buɗe na hagu. Layi na biyar, lafiya. Na shida, lafiya. A na bakwai ya ɗan miƙa wuya.

"Ban da matse ido," in ji likita.

Ya ce sama. Ta sake nunawa. Ya ce hagu. Ta ajiye sanda ta ɗauki hatimi. Wallahi ƙarar hatimin nan har cikin haƙorina na ji ta.

Na kutsa ciki. "Likita, a Oktoba ku da bakinku kuka ce idonsa ya fi na kowa!"

"A Oktoba ke nan, Baba."

"Layi ɗaya ne fa. Karatun da kuka ce ya yi ne ya cinye shi."

"Mu ido ne aikinmu. Karatu na makaranta ne."

"Baɗi fa?"

"'Yan ajin ƙarshe kawai ake ɗauka. Na gaba!"

A mota Haiming ya zauna kusa da ni har muka yi nisa. Can ya ce, "Baba, kada ka faɗa wa Mama a waya. Bari ta ci abincin rana tukuna." Na juya fuska wajen taga, don kada ya ga abin da ya faru da nawa idon.

Muna dab da gida waya ta yi ƙara. Sakataren Mai Girma Shugaban Makaranta ne, murya kamar zuma. Wai ranar Asabar ana so in yi wa iyayen sababbin 'yan aji na musamman jawabi, kan yadda gida da makaranta suka haɗa kai suka fitar da matuƙin jirgi. Na ce ai kuwa zan zo, ina da abin faɗa.

Ya ce madalla, sai dai in fara turo jawabin a rubuce don a duba. Kuma don Allah in yi shi da manyan baƙaƙe, saboda idon Mai Girma ba ya son wahala.