Cindo Ba Ya Jin Zunɗe

A ƙauyen Rafin Gawo an yi wani mutum ana ce masa Cindo. Su uku ne a gida: shi, da matarsa Talatuwa, da tsohonsa Baba Nomau, wanda magana ke yi wa wuya kamar haƙar rijiya. Rabin zancen tsohon da ido yake yi, rabi da leɓe. Shi kuwa Cindo, abin da bai shiga kunnensa ba, to ba a faɗa ba.

Wata rana Baba Nomau yana son a miƙo masa buta, sai ya turo baki wajen da take. Cindo ya durƙusa ya leƙa bakin.

"Baba, rina ce ta harbe ka?"

Kafin tsohon ya amsa, ya ruga ya kwaɓo laka ya shafe masa leɓe. Baba Nomau ya tofar ya ce, "Zunɗe ake ce wa wannan, kai! In na turo baki, dubi inda ya dosa, ka ɗauko abin da ke can."

"To, Baba."

Wata rana da safe tsohon yana hura kunu mai zafi, fuskarsa na kallon gidan maƙwabcinsu Mati. Cindo ya bi bakin da ido, ya hangi jakin Mati a turke. Ya je ya kwance shi ya jawo har tsakar gida. Mati ya biyo da gora yana ihun ɓarawo, sai da dattawa suka sa baki. Bayan an watse Baba Nomau ya ce, "Ba kowane motsi ne magana ba. Mai yi da kai, sai ya fara haɗa ido da kai, sannan ya dubi abin."

Wata rana Cindo yana gyaran danga, akuyar gidan ta tsaya ta ƙura masa ido, sannan ta waiwaya ta dubi rumbu. Ya ajiye igiya, ya buɗe rumbu ya zubo mata dawa. Awakin unguwa suka ji ƙamshi suka taru, kafin azahar sun yi wa dawar ta'adi.

"Ta haɗa ido da ni, Baba," in ji Cindo. "Sannan ta dubi rumbu."

Tsohon ya ɗora hannu a ka. Cindo ya tafi neman hula. Talatuwa ce ta tare shi ta ce, "Da mutane ake nufi, Maigida. Ban da dabbobi."

Wata rana gwaggon Talatuwa ta zo ganin gida, ga shi ba abin da za a tuƙa. Talatuwa tana son ta aike shi maƙwabta ba tare da baƙuwa ta sani ba, sai ta ƙyafta masa ido. Cindo ya miƙe daga gaisuwa, ya riƙe kanta, ya hura mata ido a gaban gwaggo, yana tambaya ko tsakuwar ta fita. Da baƙuwa ta tafi, Talatuwa ta ce, "In an ƙyafta maka ido, akwai maganar da ba ta gaban mutane ba ce. Ka nuna ka gane, ka bi mutum gefe ka ji."

Wata rana, ranar Juma'a, wasu baƙi biyu suka iso da shanu, suka ce su fatake ne, suna neman ruwa da inuwa. Aka sauke su a zauren Baba Nomau. Maza na shirin masallaci, sai dogon cikinsu ya ƙyafta wa abokinsa ido ta saman kafaɗar Cindo, sannan ya dubi san noman gidan da ke ɗaure, wanda da shi kaɗai suke huɗa.

Cindo ya ƙyafta masa shi ma, ya ce, "Na gane."

Dogon ya tashi ya zaga bayan zaure. Cindo ya bi shi.

"Ga ni, baƙo. Maganar san nan ce, ko? Na ga ka dube shi."

Baƙon ya ce, "Kai da wa kuka sani?"

"Ai duk gidanmu an iya wannan. Ni ne ma na ƙarshen ganewa."

Baƙon ya ce ya jira shi nan, yana zuwa. Ya yafito abokinsa, suka tsallake danga suka shige daji, ko takalma ba su ɗauka ba.

Cindo ya zauna jira har sallar Juma'a ta wuce shi. Da la'asar wasu Fulani suka iso suna bin sawu, suka sami shanunsu da aka sace a ƙofar zauren, san noma kuma yana tuƙa a turkensa. Gari ya taru ana sa wa Cindo albarka. Baba Nomau ma ya buɗe baki ya ce ya yi kyau.

Shi dai Cindo yana ta leƙen hanya. Aka tambaye shi me ya dame shi.

Ya ce, "Mutumin nan har yanzu bai gaya mini maganar ba."