Ƙwallon Sawo Uku Sun Ɓata

"Lafiya lau na tashi, angona. Gaisuwar ke nan, kana leƙen ƙarƙashin kujera?"

Mbah Sumirah ce, maƙwabciyata a nan Klaten, take tsokanar jikanta Wardoyo. Kullum da la'asar sai sun buga dakon, darar nan ta katako mai ramuka da ake yi da ƙwallon ɗan itacen sawo guda casa'in da takwas, kuma kullum ita ke cinye shi. Yau da safe ya tarar da kyanwarsa Belang kwance kan katakon tana kakari.

"Mbah, bar wasa. Sau uku na ƙirga, guda uku babu!"

"Kai har ka iya ƙirge? Yaushe?"

"Ƙwallon nan tsini gare shi. In ya tokare mata hanji sai an yanka cikin, shi ma in an yi dace."

"Wannan ɓarauniyar kifin? Ko taɓarya ta haɗiye sai ta wuce."

"Ke kika bar katakon a buɗe, tsohuwa sarkin mantuwa! Ran nan tabarau na goshinki kika tayar da unguwa nemansa."

"To ka sake ni mana, ka auri kyanwar."

Baki dai bai mutu ba, amma na lura ta kasa kallonsa. Belang ta sake kakari. Wardoyo ya naɗe ta a tawul ya nufi babur, ƙaton saurayi, ido taf da ƙwalla.

"Ina zuwa?" in ji Mbah.

"Wurin likitan dabbobi. In ta mutu a hanya, wallahi na bar zuwa gidan nan."

"Tsaya, ja'iri. Kashe babur ɗin."

Ta juya baya, ta warware bakin zanenta, ta miƙo hannu. Ƙwallo uku, sumul, ko miyau bai taɓa su ba. Can Belang ta amayo curin gashi ta hau lasar ƙafa abinta.

Wardoyo ya zauna daɓas a ƙasa. "Mbah! Shekara goma sha ɗaya ina zaton ni ne ban iya ba!"

Ta kwashe da dariya tana share ido, ta damƙa masa su a tafi.

"Ai ba ka iya ɗin ba ne, angona. Marigayi kakanka sai na ɓoye bakwai nake cin sa."