Baƙi Huɗu, Babu Mai Tuwo

Ranar da Alhaji mai kantin magani a Tawa ya ba ni aikin haɗa ordinatocinsa huɗu, wato kwamfutoci, da manhaja ɗaya, har tabarau na saka, alhali idona lafiya lau.

Wajen harhaɗa manhajar akwai zaɓi biyu da Faransanci: kiliyan da sarbar. A ƙa'ida, ana saka sarbar a na'ura ɗaya ta riƙe bayanan magunguna, sauran su zama kiliyan, suna tambaya tana ba su amsa. Wannan daga baya na san shi. A ranar, da ilimin kasuwa na yi aiki. Kiliyan ai mai saye ne, kuma Alhaji ne ya sayi aikina. Sarbar kuwa mai kai wa mutane faranti ne a gidan abinci. Me ya haɗa shi da magani? Na cire shi, na zuba kiliyan ko'ina.

Washegari layi ya kai bakin titi, har da wata tsohuwa daga Bambeye da ke jiran maganin hawan jini. Na'urorin suka yi jugum, kowace tana jiran a kawo mata.

Alhaji ya ce, "Malam, mi ya hwaru?"

Na gyara tabarau, na yi masa bayani dalla-dalla. Ƙanwarsa da ke sayar da maganin ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, baƙi huɗu ya zamnar, ya kori mai tuwo!"

Har yau in na shiga kantin, ana amsa sallamata sai wani ya ɗaga hannu: "Sarbar! Shinkafa da wake, faranti huɗu!"