Ladi, Ina Namana?

A Funtua, zamanin da muke aron kaset hannu da hannu, in aka ce kwafi daga wurina ya fito, ba mai gwadawa ya saurara tukuna. Har ni ma na daina gwadawa.

Ranar nan na jera rikoda biyu baki da baki ina kwafar wata waƙa, sai matata Ladi ta kawo tuwo. Na manta rikoda tana ɗauka.

Kaset ya zaga har Danja, kowa na kwafa saboda sunana. Ana tsakiyar kiɗa sai ga muryata cikin tsawa: "Ladi, ina namana? Romo kaɗai zan sha?"

Yau da furfurata, ko mahauci ya hango ni sai ya ce, "Alhaji, an dai ga naman kuwa?"