Taƙin Hannun Umma

"...lafiya lau, sai godiya. Ya mutanen Rogo? Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri mun gode Allah, Hajiya."

Jikata Munawwara ce durƙushe a ƙofar ɗakina a Yola ta Ƙaraye, da hantsi, riƙe da baƙar leda. Wata huɗu ke nan da rasuwar uwarta, 'yata ta fari. Tana da rai ban taɓa kiran sunanta ba, ranar da aka fita da ita kuma ban bari an ga hawayena ba. Haka aka rene mu. Ɗinki ne sana'arta, da aka yi rabon gado kuwa keken ɗinkin da falle ɗaya na atamfarta suka faɗo wa Munawwara.

Na ce, "Me kika ƙunso mini? In goro ne miƙo, in tsiya ce koma da ita, ɗan acaɓan bai yi nisa ba."

"Goro da wane haƙori, Hajiya? Biyun da suka rage miki ma ba sa ga maciji da juna."

"Su biyun sun tauna abin da naki talatin ba su taɓa sansana ba. Buɗe mu gani."

Ta zaro wani abu dogo siriri ta shimfiɗa a tabarma. Ina ganin zanen atamfar na gane ta.

"Wannan ƙafar wando ce, ko rigar filo?"

"Siket ne."

"Na wa? Muciya kika ɗinka wa, ko taɓarya za ta biki?"

"Nawa ne, 'yar tsohuwa. Ke da kika shekara saba'in kina ɗaura zani a karkace, ina kika san siket?"

"Zanina bai taɓa ƙin shiga ba dai."

Ba ta yi dariya ba. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin ɗinkin.

"Ranar Asabar ce walimar saukar karatunmu. Umma ta ce da wannan atamfar za ta ɗinka mini. Da ba ta samu iko ba, na ce ni zan hau keken. Kwana shida ina fama, allura uku na karya. Da na zo sawa, ya tsaya a cinya ya ƙi wucewa."

"Sauri ya haifi nawa. Da me kika auna?"

"Umma ba ta taɓa tef. Hannu take buɗewa, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, ta zagaye ni. Kullum sai ta ce, 'Ƙugunki taƙi biyar.' Ni ma taƙi biyar na yi."

"Da hannun wa?"

Ta dubi hannunta. Na kamo tafinta na ɗora a kan nawa.

"Dubi nan. Ƙafar ɗan tsako kike gwadawa da faifai? Uwarki hannuna ta ɗauko. Miƙe tsaye."

Na zagaye ƙugunta da hannuna: biyar cif. Na auna siket ɗin: huɗu.

"Taƙi guda kika cinye. Ina ragowar ƙyallen?"

"Da shi na yi ta gwaji, ya ƙare. Na zagaye kasuwar Rogo, an ce an daina yayin zanen. Hajiya, shi kaɗai ne kayanta da ya rage mini, ga shi na ɓata."

"Ki kai wa 'yar maƙwabta ta sa. Ko ki yi azumin wata uku ki shiga."

"Ko in ba ki. Ke da kika bushe kamar karan dawa, ku biyu ma za ku shiga."

"Ja'ira! Karan dawa da shi ake danga."

Na yunƙura na shiga ƙuryar ɗaki. A ƙasan adakata, ƙarƙashin kayan Makka, na ɗauko abin da ban taɓa nuna wa kowa ba, na jefa mata a cinya. Kallabin atamfar ne.

Ta ɗaga shi ta kai hanci, ta daɗe ba ta sauke ba.

"Ke da kika ce ba ki riƙe komai nata ba?"

"Mantawa ta yi da shi zuwanta na ƙarshe. Ni kuma na manta ban mayar ba."

"Mantuwa ce ta naɗe shi haka, har da turaren wuta? Hajiya, ashe kina sonta."

"Wa? Ban san wadda kike faɗa ba. Kallabin nake so. Warware siket ɗin gefe da gefe, ki ƙara rabin taƙi na kallabin kowane ɓangare. In kika sake sa almakashi ba da hannuna ba, sai na karya ɗan tsakon."

"To kawo hannun."

Ta shimfiɗa kallabin, ta ɗora hannuna a kai, ta ja layi da alli. Ta gama jan layin ba ta saki hannun ba, ni ma ban janye ba. Can ta yanke abin da take so, ta ninke sauran da kyau ta miƙo mini.

"Taƙi ɗaya kawai nake nema. Wannan ki mayar inda kika manta shi."

Dariya ta ƙwace mini, irin mai zuwa da ruwa a ido.

"Kin ci, 'yar nema. Je ki ɗinka."